Manhajar gwaji ta ba mu maki 100: makaho zai iya tura kuɗi da manhajarmu ke nan?

Tambaya: Mu huɗu ne muke gina manhajar biyan kuɗi da shafinta na intanet. Na gwada shafin da Lighthouse, manhajar gwajin shafuka ta Google, ya ba mu maki 100 a ɓangaren sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman. Shugabanmu ya ce an gama, in ma da saura akwai kamfanonin da ke sayar da ɗan kod da ake liƙawa a shafi ya gyara komai da kansa. Mai tsara mana fasali kuwa ta ce ba a ma fara ba. Wa ke da gaskiya? Kuma yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, me ya rage wa ɗan Adam a wannan aiki?

Amsa: Ɗan'uwa, mai tsara muku fasali ta fi kusa da gaskiya, amma makin nan da kuka samu ba na banza ba ne, kada ka yar da shi. Abin da ya kamata ku huɗun ku fahimta shi ne me na'urar ta duba kafin ta ba ku 100, me kuma ba ta ko leƙa ba.

A ƙarƙashin Lighthouse akwai wani injin gwaji da ake kira axe-core, na kamfanin Deque. Aikinsa shi ne ya bi kod ɗin shafi yana yin tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a. Hoton nan yana da bayanin rubutu? Akwatin fom ɗin nan yana da suna? Launin rubutu ya bambanta da na bango gwargwadon ƙa'ida? An faɗi harshen shafin? In ya sami e a duka, sai ya ba da maki cikakke. Ƙa'idojin da yake aunawa da su kuwa su ne WCAG, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ke fitarwa tun 1999, kuma WCAG 2.2 ta fito ne a watan Oktoban 2023. Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba a amsa su da e ko a'a, sai an yi amfani da hankali. In ka gangara ƙasan rahoton Lighthouse za ka tarar da jerin abubuwan da shi da kansa ya ce mutum ne zai duba. Yawancin masu gina shafi ba sa kaiwa nan, koren da'irar da ke sama ta riga ta kwantar musu da hankali.

A 2017 sashen ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya yi wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Da gangan suka gina shafi suka cusa masa matsaloli 143 na irin waɗanda ke tare wa naƙasassu hanya, sannan suka gwada shi da manhajoji goma. Wadda ta fi kowace ƙoƙari ta tsaya ne a wajen kashi 40 cikin 100. Matsaloli 42 kuwa babu manhaja ko ɗaya da ta gan su. Daga baya, a 2021, Deque ya fitar da nasa lissafin, inda ya ce na'ura na kama kusan kashi 57, domin shi yawan kurakuran ya ƙirga, ba ire-irensu ba. Ko da wanne ka ɗauka, kuma ko da kayan sun ƙara inganta tun lokacin, wani babban yanki na aikin yana nan yana jiran mutum.

Kada wannan ya sa ka raina abin da na'ura ke kamawa. Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana bincikar shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019. A rahoton 2024, kashi 95.9 cikin 100 suna da kurakuran da na'ura ke iya gani. Rubutu marar isasshen bambancin launi ya bayyana a kashi 81, hotuna marasa bayani a fiye da rabi, akwatunan fom marasa suna a kusan rabi. Nau'in kuskure shida kacal ne suka haɗa kusan dukkan abin da aka gano. Wato duniya har yanzu ba ta tsallake matakin da ku kuka tsallake ba. Wannan abin yabo ne, kuma na'ura ce ta fi dacewa da tsare wannan matakin, domin ba ta gajiya, ba ta mantuwa, kuma tana iya duba shafi dubu kafin mutum ya gama ɗaya.

Yanzu ɗauki wayar Android, ka kunna TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar waya, mu bi hanyar tura kuɗi a irin manhajarku. Ana goga yatsa zuwa dama domin a matsa zuwa abu na gaba, a taɓa sau biyu domin a danna. A saman shafi akwai ƴar alamar ido da ke ɓoye ko nuna ragowar kuɗin asusu. In ba a sa mata suna ba, TalkBack zai ce maɓalli ne marar suna, na'urar gwaji kuma za ta kama wannan. Sai mai rubuta kod, da sauri yake, ya sa mata suna "icon2". Na'urar gwaji ta gamsu, tunda yanzu akwai suna. Makaho kuma ya ji "icon2", bai san ko in ya danna kuɗinsa za a karanto da ƙarfi a cikin motar haya ba, ko kuwa tura su za a yi. Sunan da ya dace shi ne "nuna ragowar kuɗi", kuma in an danna ya koma "ɓoye ragowar kuɗi". Wannan shawara ce ta wanda ya san amfanin maɓallin.

Mu ci gaba. Ya shigar da lambar asusu mai lamba goma, manhaja ta nemo sunan mai asusun ta nuna shi a ƙarƙashin akwatin. Mai gani ya duba ya ce e, wannan ne. Amma in ba a tsara wannan wurin yadda zai sanar da manhajar karatu cewa sabon rubutu ya bayyana ba, makaho ba zai ji komai ba. Zai wuce zuwa akwatin adadin kuɗi bai san sunan wa ya fito ba. Kuskuren lamba ɗaya, kuɗin makarantar ɗansa sun tafi asusun wani. Sai ya danna "tura", ƙaramar taga ta buɗe tana neman ya tabbatar, amma hankalin TalkBack yana nan a shafin baya, yana ta karanta masa abin da taga ta riga ta rufe. In ya sa adadin da ya fi abin da ke asusunsa, akwatin ya koma ja kawai, ba rubutu. In komai ya tafi daidai, koriyar alama ta fito ta ɓace cikin daƙiƙa biyu. Shiru. Kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? Sai ya sake turawa, ko ya miƙa wa na kusa da shi waya ya duba masa. Na sha ganin wannan a gwajin manhajojin kuɗi, kuma abin da ya fi damuna ke nan: mutum mai hankali, mai sana'arsa, dole ta sa ya nuna wa wani sirrin asusunsa saboda rubutun layi ɗaya da ba a sa ba. Shafi zai iya ɗauke da duk waɗannan matsaloli, ya kuma ci maki 100.

Ga kuma lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon tes. In kun ba ta daƙiƙa talatin, ku tuna mai amfani da manhajar karatu sai ya fita, ya nemo saƙon, ya saurari lambobi shida, ya riƙe su a ka, ya dawo, ya laluɓo akwatin. Dattijon da hannunsa ke rawa ma haka. WCAG ta ce in akwai ƙayyadadden lokaci a gargaɗi mutum, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari, sai fa in ƙayyadewar ta zama dole. WCAG 2.2 kuma ta ƙara cewa wajen shiga asusu kada a tilasta wa mutum haddacewa ko kwafewa da hannu ba tare da wata mafita ba, don haka hana liƙa lambar da aka kwafo kuskure ne. Nawa ne lokacin da ya isa ba tare da an buɗe wa ɓarayi ƙofa ba? Wannan zama yake buƙata tsakanin mai tsara fasali da mai kula da tsaro. Haka batun tantance mutum da zanen yatsa ko da fuska. A cikinmu akwai waɗanda kuturta ko haɗari ya raba da yatsunsu, akwai manoma da maƙera da aiki ya shafe musu zanen yatsa. Manhajar da ke cewa "sa fuskarka cikin da'ira, ƙifta ido" ba ta yi tunanin wanda ba ya ganin da'irar ba. Babu injin gwajin da zai gaya muku kuna buƙatar hanya ta biyu. Mutum ne zai zauna ya tambayi kansa wa wannan matakin zai kora.

Batun bayanin hoto shi ne inda ƙirƙirarriyar basira ta fi burge mutane, kuma lallai ta yi nisa. Lokacin da Facebook ya fara bayanin hoto na na'ura a 2016, abin da yake faɗi bai wuce "wataƙila akwai mutum biyu, murmushi, waje" ba. Yau manhajoji irin su Seeing AI na Microsoft da Be My Eyes suna iya yi wa makaho cikakken bayanin hoto, har ya yi musu tambaya su amsa. Makafi da yawa suna amfana da su kullum, ni kuma ina murna da hakan. Amma na'ura abin da ke cikin hoto take faɗi, ba ta san dalilin da ya sa kuka sa shi a nan ba. Hoton mace riƙe da waya a shafinku na farko ado ne kawai, abin da ya dace shi ne a bar bayaninsa fanko da gangan domin manhajar karatu ta tsallake shi. Na'ura kuwa za ta ɓata wa mutum lokaci da launin mayafinta. Hoton da ke nuna inda ake samun lambar mita a jikin mitar wuta kuma umarni ne, bayaninsa sai ya faɗi inda lambar take. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗi ba: waɗannan na'urori suna iya kuskure su faɗe shi da cikakken tabbaci, wanda ake yi wa bayanin kuma shi ne wanda ba shi da hanyar dubawa. Don haka ku bar na'ura ta rubuta daftarin farko in hotunan na da yawa, mutum ya karanta ya gyara, musamman duk inda akwai lamba, kuɗi ko kwanan wata.

In manhajarku za ta yi Hausa, ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Kowane shafi yana da alamar harshe a kod ɗinsa, ta Hausa ita ce "ha". Yawancin samfuran da ake saukowa da su an riga an sa musu "en" na Turanci. Galibin na'urorin gwaji abin da suke dubawa shi ne ko akwai alamar, kuma ko sananniya ce. Ba sa karanta shafin su ga Hausa ce. Manhajar karatu kuwa da wannan alamar take zaɓar yadda za ta furta kalmomi. Ku kuma gwada da kunnenku yadda ake furta kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ a wayoyin da mutanenku ke riƙewa, ku duba ko salon rubutun da kuka zaɓa yana da waɗannan haruffa, domin in babu, waya za ta aro su daga wani salon, kalma ta fito a karkace, mai raunin gani ya ƙara wahala. Sannan al'adar nan tamu ta fitar da sanarwa a cikin hoto, a zuba rubutu a kan fosta a ɗora, ita ma ku guje ta. Rubutun da ke cikin hoto ba ya ƙaruwa in mutum ya ƙara girman haruffan wayarsa, manhajar karatu kuma ba ta da tabbacin karanta shi daidai. In kuna da bidiyon koyar da amfani da manhajar, rubutun magana na na'ura, wanda YouTube ya fara tun 2009, ƙarfinsa yana ga harsunan da aka tara wa bayanai masu yawa. Na Hausa ku rubuta shi da hannu. Ku kuma tuna kurame da yawa maganar hannu ce harshensu na farko, rubutu na biyu ne, don haka gajeren bayani mai sauƙi ya fi musu amfani.

Ɗan kod ɗin da shugabanku ya ji labari kuwa, shawarata kada ku saya. Irin waɗannan kayan suna hawa kan shafi bayan an gama gina shi, su sa ƴar alama a gefe mai ba da zaɓin ƙara girman rubutu ko canza launi, su kuma yi ta cankar sunayen maɓallai. Ka yi tunani: makahon da ya iso shafinku ta yaya ya iso? Da manhajar karatunsa ya kunna na'ura, ya buɗe burauza, ya rubuta adireshi. Yana da JAWS ko NVDA a kwamfuta, ko VoiceOver ko TalkBack a waya, ya saita su yadda yake so tun da daɗewa. Abin da yake nema a wurinku shi ne kod mai tsabta da kayansa za su fahimta. Abin da aka liƙa daga waje bai san cewa taga ta tabbatarwa ce ke buƙatar hankalin mutum yanzu ba, sau da yawa ma karo yake yi da manhajar karatun. A 2021 babbar ƙungiyar makafi ta Amurka, NFB, ta janye wa kamfanin accessiBe, mai sayar da irin wannan kod ɗin, damar ɗaukar nauyin taronta na shekara. A watan Janairun 2025 kuma hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin zai biya dala miliyan 1 kan iƙirarin cewa kayansa na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idojin WCAG. Kuɗin da za ku riƙa biya duk wata ya fi kyau su tafi ga makahon da zai gwada muku manhajar.

To shin na'ura ba za ta taɓa iya tsara wa kowa fuskar manhajar da ta dace da shi ba? An gwada, kuma sakamakon ya yi kyau. A Jami'ar Washington, Krzysztof Gajos da Daniel Weld da Jacob Wobbrock sun gina wani tsari mai suna Supple. Yana fara auna yadda mutum ke motsa linzamin kwamfuta, saurinsa da inda yake kuskure, sannan ya sake jera masa maɓallai da girmansu. A binciken da suka fitar a 2008 tare da mutum 11 masu lalurar motsa gaɓoɓi, mutanen sun ƙara sauri da kusan kashi 26, kurakuransu sun ragu da kashi 73. Amma lura da abin da ya sa ya yi aiki: masana ne suka fayyace wa na'urar me kowane sashe yake yi, waɗanne abubuwa ne suke tafiya tare, sannan aka auna mutane na gaske. Na'urar lissafin jeri ta yi a kan ilimin da aka ba ta.

A farkon 2024 Jakob Nielsen, wanda sunansa ya yi fice a fagen sauƙin amfani da kwamfuta, ya rubuta cewa hanyar da ake bi ta gaza, a bar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa ƙera wa kowane mutum fuskar manhajarsa. Masana da dama, cikinsu har da naƙasassu, sun yi masa raddi mai zafi, ni ma ina tare da su. Makaho da haddar wurare yake aiki: ya san in ya goga sau uku zai iso "tura kuɗi". Shafin da ke sauya fasali kullum zai raba shi da wannan. Ga kuma batun sirri, domin kafin na'ura ta tsara maka sai ta san lalurarka, ba kowa ne kuma ke son banki ko kanti ya sani ba. Hanyar da ta fi aminci tana nan a cikin wayar mutum tun tuni. Ya riga ya zaɓi girman rubutu, ya zaɓi baƙin bango, ya rage motsin hotuna. Aikinku shi ne manhajarku ta girmama zaɓinsa. Ka je saitin wayarka ka kai girman rubutu ƙarshe, ka buɗe manhajarku. In adadin kuɗi ya yanke, ko maɓallin "tura" ya faɗa ƙasa inda ba a iya kaiwa, to zabiya mai raunin gani da tsohon da ya bar tabarau a gida haka suke ganinta kullum. WCAG ta ce rubutu ya iya ninkuwa zuwa kashi 200 ba tare da an rasa komai ba.

Yadda nake raba aikin ga ƙananan ƙungiyoyi irin taku, daga teburin mai tsara fasali nake farawa, tun kafin a rubuta layin kod ko ɗaya. Ita za ta zaɓi launuka, na'ura ta auna mata: bambancin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, babban rubutu 3 bisa 1. Wannan ba don masu raunin gani kaɗai ba ne, duk wanda ya taɓa duba waya mai araha a tsakiyar rana a bakin kasuwa ya san amfaninsa. Girman wurin dannawa, WCAG 2.2 ta sa mafi ƙaranci tsawo 24 da faɗi 24 a ma'aunin ɗigon fuskar na'ura (pixel), amma Google na ba da shawarar 48 a Android, Apple kuma 44, ku bi manyan. Sannan a jikin kowane zane ta rubuta abin da ido ba ya gani: sunan kowace alama, jerin yadda hankalin manhajar karatu zai bi shafin, inda zai koma in taga ta rufe, kalmomin saƙon kuskure. "An sami matsala" ba saƙo ba ne. "Lambar asusu goma ce, ka sa tara" shi ne saƙo. In ba ta rubuta waɗannan ba, mai kod zai yanke shawara da kansa da tsakar dare, ko kuma ba wanda zai yanke.

Daga nan sai a zuba waɗannan shawarwari cikin sassan da ake maimaitawa: maɓalli ɗaya, akwatin fom ɗaya, taga ɗaya, a gina su da kyau sau ɗaya a riƙa ɗauko su. A nan ne ƙwarewar mutum da ƙarfin na'ura suke haɗuwa da gaske, kuma misalin da na fi so daga gwamnatin Birtaniya ya sake fitowa. Shekaru suna amfani da akwatin shigar da lamba irin type="number", wanda babu na'urar gwajin da ke ƙorafi a kansa. Bincike da mutane ne ya nuna musu cewa masu sarrafa kwamfuta da murya ta manhajar Dragon suna kasa cika shi, NVDA na nuna shi ba suna a jerin abubuwan shafi, kuma juya tayar linzami na iya sauya lambar mutum bai lura ba. A 2020 suka sauya shi a kundin sassansu zuwa akwatin rubutu da ke buɗe allon lambobi a waya. Gyara ɗaya, duk ma'aikatar da ta ɗauki sabon sashen ta amfana. Ku ma duk matsalar da mutum ya gano, ku mayar da ita gwajin na'ura: in taga ta buɗe hankali ya shiga cikinta, in saƙon kuskure ya fito a sanar da shi. Ku sa wannan gwajin tare da axe-core ya riƙa gudana duk lokacin da wani ya tura sabon kod, yadda abin da aka gyara yau ba zai lalace wata mai zuwa ba.

Wajen rubuta kod ɗin, ku yi amfani da abubuwan asali na HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi. Maɓalli na gaske yana zuwa da komai, allon rubutu na kaiwa gare shi, manhajar karatu ta san shi. Akwati da aka yi wa ado ya yi kama da maɓalli sai an yi ta yi masa ƙari da ARIA, wato ƙarin alamomin kod da ke gaya wa manhajar karatu mene ne abu, kuma binciken WebAIM na nuna shafukan da ke da ARIA sun fi marasa shi yawan kurakurai a matsakaici. In kuna sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta muku kod, ku sa ido a nan sosai. Daga shafukan duniya ta koya, waɗanda ka ji fiye da kashi 95 ɗinsu na da kurakurai. In an gaya mata ƙa'idojin tana ƙoƙari, amma a duba aikinta kamar na sabon ma'aikaci.

Akwai gwaji biyu da kowannenku zai iya yi yau ba da kuɗi ba. Ka ajiye linzami, ka bi shafin da maɓallin Tab kaɗai: kana ganin inda kake a kowane lokaci? Kana iya buɗe komai ka rufe? Sannan ka sauke NVDA, kyauta ce, makafi biyu ƴan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun 2006, ka rufe fuskar kwamfutar ka gwada yin rajista. Za ka gano abubuwa da yawa. Sai dai kada ka ɗauka ka zama makaho don ka rufe ido na rabin awa. Kai ka san shafin, ka san inda komai yake. Su kuma suna sauraro da saurin da kunnenka ba zai kama ba, suna tsallake daga kanu zuwa kanu, suna da dabarun da ba za ka yi tunaninsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemi masu gwaji ta ƙungiyoyinsu, irin su Ƙungiyar Makafi ta Najeriya ko gamayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta JONAPWD, ku haɗa da kurma, da mai raunin gani, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta bari da hannu ɗaya. Su gwada a wayoyinsu, ba a taku ba. Ku ba su aiki na gaske, "tura wa wannan asusun naira dubu biyu", ku kama bakinku ku kalla. Kuma ku biya su, ƙwararru ne da suka ba ku lokacinsu, ba sadaka kuke yi musu ba. Ku kira su tun ana zane, kada ku jira ana gobe ƙaddamarwa lokacin da ba mai son jin a sauya komai.

Ga shugabanku, in lissafi yake so, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. In doka yake tsoro, a Amurka wani makaho mai suna Guillermo Robles ya kai kamfanin sayar da pizza na Domino's ƙara kan cewa ya kasa amfani da shafin kamfanin da manhajarsa, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin. Dokar Tarayyar Turai kan sauƙin amfani ga naƙasassu, wadda ta shafi bankuna da cinikin intanet, ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, abin lura ne in kuna da burin abokan hulɗa a can. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashe na 9 nata ya ambaci fasahar sadarwa, kuma an sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a watan Janairun 2019.

Tunda ku huɗu ne, ba za ku iya gyara komai a wata ɗaya ba, kada ma ku gwada. Ku ɗauki hanyoyi uku da in ba su manhajar ba ta da amfani: yin rajista, shiga asusu, tura kuɗi. Mai tsara fasali ta bi su shafi shafi ta rubuta sunaye da jeri da saƙonni, ku gyara, ku kira masu gwaji, abin da suka gano ku sa shi cikin gwajin na'ura, sannan ku matsa zuwa biyan kuɗin wuta da sayen katin waya. A cikin manhajar kuma ku sa hanyar kai ƙorafi wadda ke aiki da TalkBack, ku haɗa lambar kira da hanyar rubutu, domin kurma ba zai iya kiranku ba, ku kuma ɗora wa mutum ɗaya a cikinku alhakin amsa waɗannan saƙonni.